Kalmar "Adage" ta Ingilishi da Karin Maganar Hausa



Abin da zan yi magana a kansa yau kalma ce ɗaya tak ta Ingilishi, mai harufa biyar, watau "adage". Na san wani zai ce a ransa, ashe har kalma ɗaya ta isa a tara mutane a hana su hutun la'asar? To, dalili shi ne, kalmar nan ta zama ruwan dare a bakin 'yan bokonmu. Duk wanda ya saba karanta jaridun Ingilishi na ƙasar nan, ko yake sauraron jawaban da ake yi wurin bikin saukar karatu da liyafar ban kwana, lalle ya sha jin an ce "as the adage goes", ko kuwa "a Hausa adage says", sa'an nan a kawo wani karin magana namu a juya shi da Turanci. Ɗalibi kuma in an ce ya fassara kalmar karin magana, in bai ce "proverb" ba zai ce "adage", yana ganin ta biyun ta fi nuna ya sha karatu. Abin da nake so in nuna shi ne, kalmar tana da wani nauyi da wani ƙamshi nata a kunnen masu harshen, kuma wanda ya ɗora ta a kan kowane irin karin magana namu, sau da yawa yakan sa wa maganar rigar da ba tata ba, har mai sauraro ya kasa gane ta.

Mu fara da furuci, don shi ne mafi sauƙi. Masu harshen suna cewa "adij" ne, da ƙarfi a kan gaɓar farko. Wasu kuma, ganin ƙarshen kalmar ya yi kama da kalmar Ingilishi mai nufin shekaru ko tsufa, sukan zaci daga can ta fito. Babu dangantaka tsakaninsu ko kaɗan, kama da wane ba ta wane. Asalinta kalmar Latin ce, "adagium", wadda masana suka danganta da wata tsohuwar kalmar harshen mai nufin "na ce". Faransawa suka ara suka gajarta ta, Ingilishi kuma ya karɓa daga hannunsu a ƙarni na 16. 'Yar'uwarta "proverb" ta riga ta shiga Ingilishi da kamar shekara 200, ita ma daga Latin ta hanyar Faransanci, don tun ƙarni na 14 ana samun ta a rubuce-rubucen Ingila. Ke nan sa'ad da "adage" ta iso, ta tarar da mai gida zaune a ɗakinsa. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, me ya sa aka bukaci baƙuwa alhali ga 'yar gida?

Amsar tana wurin mutum guda, wani shaihin malami ɗan ƙasar Holan mai suna Erasmus, haifaffen birnin Rotadam. A shekarar 1499 ya ziyarci Ingila bisa gayyatar wani almajirinsa ɗan sarauta, Lord Mountjoy. Da ya tashi komawa a farkon 1500, sai ma'aikatan kwastan na tashar jiragen ruwa ta Doba suka karɓe kusan dukan kuɗin da ya tara, domin dokar Ingila ta lokacin ta hana fita da zinariya da azurfa daga ƙasar. In akwai ma'aikatan kwastan a cikinmu, to, su ji irin alherin da abokan aikinsu suka jawo wa ilmi ba da niyya ba. Malamin ya isa Faris hannu rabbana, ya zauna ya tsinto maganganun hikima na Girkawa da Rumawan dā daga cikin littattafan da ya karanta, ya yi wa kowace ɗan taƙaitaccen sharhi, ya buga su a cikin shekarar nan ta 1500, guda 818, ya sadaukar da littafin ga almajirin nan nasa. Wannan shi ne mafarin littafin da duniya ta sani da suna "Adagia".

Bai tsaya nan ba. A 1508 ya sake buga shi a birnin Banis na Italiya, a maɗaba'ar Aldus Manutius, adadin ya haura 3,000. Ya yi ta ƙari yana gyara har shekarar da ya mutu, watau 1536, inda bugun ƙarshe ya ƙunshi 4,151. Sharhin wasu layi biyu ne ko uku, na wasu kuwa ya zama maƙala sukutum. Alal misali, akwai wata maganar Rumawa mai nufin yaƙi da daɗi yake ga wanda bai taɓa ɗanɗana shi ba. A kanta ya rubuta doguwar suka ga sarakunan Turai masu son yaƙi, har aka riƙa buga ta ita kaɗai. Akwai kuma wadda ke cewa a yi sauri a hankali, wadda mu za mu ce da ita sauri ya haifi nawa. Ta cikin littafin nan ne maganganu da dama suka bazu a harsunan Turai, kamar zancen cewa tsattsewa ɗaya ba ta kawo bazara, da cewa mai ido ɗaya sarki ne a garin makafi. Wanda ya yi karatun Larabci a cikinku zai tuna da Maidani, mutumin Naisaburi, wanda ya rasu a 1124, mai littafin "Majma'ul Amsal". Aikinsu iri ɗaya ne: a kawo magana, a faɗi asalinta, a nuna inda ake buga ta. Maidani ya riga Erasmus da kusan shekara 400.

Bari in ɗan ratse, saboda masu sha'awar fassara. A cikin tatsuniyoyin Girkawa akwai labarin wata mace, Pandora, wadda ta buɗe wani mazubi, dukan masifun duniya suka fito. A Girkanci mazubin nan babban tulu ne, irin wanda ake ajiyar mai ko hatsi. Erasmus da ya zo juya labarin da Latin sai ya sa kalmar da ke nufin ɗan akwati. Yau shekara 500 da ɗoriya ke nan Turawa suna cewa akwatin Pandora, tulu ya ɓace. In malami irin wannan ya mai da tulu akwati, to, tafintan kotu da mai fassarar sanarwar gwamnati sai su yi hattara.

A 1539 wani Bature, Richard Taverner, ya zaɓi wasu daga cikin maganganun littafin ya fassara su da Ingilishi, ya kuma haɗa kalmomin biyu a sunan littafinsa, "Proverbes or Adagies". Daga nan za ku gane matsayin kalmar tun ran gini. "Proverb" ta kasuwa ce da gona da bakin murhu, kowa yana da ita. "Adage" kuwa da rigar malanta ta shigo, daga makarantun da ake koyar da yara Latin, inda akan sa su haddace irin waɗannan maganganu su ƙawata insha'insu da su. Wannan ƙamshi na littafi da tsufa bai rabu da ita ba har yau, kuma shi ne abu na farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe.

Amma kada a zaci Turawan wancan zamani sun bar karin magana a aji. A ƙarni na 16 da na 17 sun yi amfani da shi kamar yadda muke yi, a majalisa da coci da gidan wasa. John Heywood ya buga tarin karin maganar Ingilishi a 1546, John Ray ya buga nasa a 1670. Misali mafi shahara na kalmar da muke magana a kai yana cikin wasan Shakespeare mai suna "Macbeth", wanda aka rubuta wajen 1606. Macbeth yana kwaɗayin sarautar Sikotlan, ya shirya kashe Sarki Duncan wanda ya sauka a gidansa, sa'an nan zuciyarsa ta karaya. Matarsa ta tasa shi gaba da gori, ta kwatanta shi da kyanwar nan ta cikin "adage". Ba ta faɗi karin maganar ba, ta ambaci kyanwa kawai ta wuce, domin duk wanda ke gidan wasan ya san kyanwar da ake nufi, watau mai son cin kifi amma ba ta son jiƙa ƙafarta. Ku duba da kyau, wannan ai gugar zana ce irin ta matan gidajenmu. An jefi mutum da rabin magana, ya ƙarasa sauran da kansa, ya ji zafin a ransa. Da a ce Ingilishi ya tsaya a inda Shakespeare ya bar shi, da ba mu sami abin tattaunawa ba yau, don da kalmar ta yi kusa ƙwarai da abin da muke nufi.

Sai dai bai tsaya ba. A ƙarni na 18 masu ilmi da masu hali na Ingila suka juya wa karin magana baya. Jonathan Swift ya buga wani littafi a 1738, "Polite Conversation", inda ya tara attajirai da matansu suna hira tun safe har dare, ba abin da ke fita bakinsu sai tsofaffin maganganun da aka tauna aka gaji, don ya nuna kawunansu fanko ne. Lord Chesterfield, a cikin wasiƙun da ya rubuta wa ɗansa, waɗanda aka buga a 1774, ya gargaɗe shi cewa mutum mai daraja ba ya kama karin magana, wannan ɗabi'ar talakawa ce da marasa tarbiyya. Ra'ayin nan ya yi saiwa a makarantunsu. Har a 1946 George Orwell, a wata maƙala tasa kan siyasa da harshen Ingilishi, yana horon marubuta su guji duk wani kwatanci da suka saba gani a buge. Abin da mai rubutun Ingilishi ke neman a yaba masa da shi, shi ne ya faɗi abu da kalmomin da ya ƙago da kansa. Wanda ya jingina da maganar kakanni, sai a ɗauka tunani ne ya ƙare masa.

Wannan tarihi shi ya haifi yadda ake amfani da kalmar a yau. Ƙamus zai gaya maka "adage" gajeriyar magana ce mai bayyana wata gaskiya ta zaman duniya, wadda mutane suka daɗe da yarda da ita. Daidai ne, amma ƙamus ba ya gaya maka yadda fuskar mai magana take sa'ad da yake faɗin ta. Bature in ya kira magana "adage", ya ɗan ja da baya ne daga gare ta, ya riƙe ta da nisan hannu, kamar mai cewa: wannan ba tawa ba ce, na san tsohuwa ce, na kuma san kun sani. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko dai ya nuna cewa wani abin da ya faru ya gaskata ta, ko kuwa, kuma wannan ya yawaita a jaridu da rahotanni, ya kawo ta don ya rushe ta da hujja. Saboda haka ma'aikacin da ya ga an buɗe sakin layi da "the old adage", kada ya yi hanzarin gyaɗa kai yana cewa marubucin ya kafa hujja da maganar manya. Ya ƙarasa karatu tukuna, mai yiwuwa ne wuƙa ake wasa wa maganar manyan. Af, game da "old adage" ɗin nan, masu littattafan gyaran Turanci da yawa sun ce maimaici ne, tun da tsufa yana cikin ma'anar kalmar. Masu harshen dai ba su fasa faɗi ba. Ni shawarata ga ɗalibi ita ce ya bar "old" ɗin a takardar jarrabawa, kada ya ba mai duba takarda abin ja da jan alƙalami.

Wani abin mamaki kuma, duk da wannan zance na tsufa, kalmar tana karɓar maganar da aka san wanda ya ƙage ta, aka kuma san ranar. A nan ta rabu da "proverb", wadda galibi ba a san mai ita ba, kuma takan zo da hoto, watau dabba ko kayan aiki ko wani abu na gida. Misalin da zan kawo ya shafi rabin mutanen da ke zauren nan. A 1955 wani masanin tarihi Bature, C. Northcote Parkinson, ya rubuta maƙala a mujallar The Economist, inda ya ce aiki yakan kumbura ya cinye duk lokacin da aka ware masa. Ya kafa hujja da Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, wanda a lokacin Nijeriya take ƙarƙashinsa: ma'aikatansa 372 ne a 1935, amma a 1954 sun kai 1,661, alhali ƙasashen da ake mulka ba su ƙaru ba. Ya ce dalili shi ne kowane babban ma'aikaci yana son ƙarin na ƙasa da shi, ba ya son kishiya, kuma ma'aikata su ke ƙirƙira wa junansu aiki. Maganar nan babu kura ko kyanwa a cikinta, an san ubanta, an san shekarar haihuwarta, amma yau Turawa suna kiranta "adage" ba tare da wani ɗar ba, da wuya kuwa ka ji an kira ta "proverb". Abin da ya ba ta wannan suna shi ne yawan maimaitawa da yardar jama'a.

Akwai sauran 'yan ɗakin, zan ambace su a gurguje. "Saying" ita ce uwa, ta rufe duka, kuma ita ce mafi aminci ga wanda yake shakka. "Maxim" ƙa'ida ce ta hali ko ta shari'a, kamar wadda lauyoyi ke cewa ba mai zama alƙali a shari'ar kansa. "Aphorism" magana ce mai kaifi ta wani marubuci sananne. "Saw", wadda rubutunta ya zo ɗaya da na zarto amma asalinta daga kalmar faɗi ne, kusan kullum da raini ake faɗin ta, kada ka kira maganar wani babba da ita a gabansa.

To, yanzu mu juyo gida. Masana Hausa sukan bayyana karin magana da cewa magana ce aka karya, aka naɗe, kamar yadda ake karin hula ko karin zane, ta yadda 'yan kalmomi kaɗan za su ɗauki ma'ana mai yawa, sai an warware a ga faɗinta. Ku lura, wannan suna bai ce kome ba game da tsufa, bai kuma ce dole maganar ta zama wa'azi ko gaskiya ta har abada ba. Yadda aka sarrafa maganar ya duba. Turawan da suka fara tattara namu, irin su Kyaftin Merrick a 1905, da Whitting a 1940, da Kirk-Greene a littafinsa "Hausa Ba Dabo Ba Ne" na 1966, duk da "proverb" suka kira abin da suka tara, don ita ce kalmar da suke da ita a hannu. Masu fassara Littafi Mai Tsarki ma sun yi wannan kokawa ta ɗaya gefen: littafin nan na hikimomin Annabi Sulaimanu, fassarar 1932 ta kira shi Misalai, wadda ta biyo bayanta ta kira shi Karin Magana. Kalmar misali kuwa daga Larabci muka aro ta, kuma ita da kalmar Ibrananci da ke sunan littafin tushensu ɗaya.

Wane karin magana namu ne ya cancanci a kira shi "adage"? Akwai su, ba kaɗan ba. Haƙuri maganin zaman duniya. Rigakafi ya fi magani. Zafin nema ba ya kawo samu. Gani ya kori ji. Waɗannan hukunci ne a kan rayuwa gaba ɗaya, suna iya tsayawa da ƙafarsu ko ba a san wanda aka faɗa wa ba, kuma in ka juya su da Ingilishi ka kira su da wannan suna ba ka yi ɓarna ba. Su ne malaman Larabci za su fi kira hikima.

Amma ɗauki wannan: abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Wace gaskiya ta zaman duniya ke nan? Babu. Raha ce, hoto ne na wanda abin da yake bukata ya faɗo masa har gida, kuma daɗinta yana ga rashin yiwuwar abin. Ba ta ma tsaya ga tsufa ba, don da zamani ya kawo 'yan sanda sai aka ce matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo, aka kuwa karɓa nan take. Ko ɗauki wannan: an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Ko irin waɗanda ake rataya wa kishiya, kamar haka tara, in ji kishiyar mai mageduwa. Mu duk karin magana muke kiransu, kuma suna da yawa ainun, wataƙila ma su suka fi armashi a hira. Ingilishi yana da irinsu 'yan kaɗan, amma bai sa su a ɗakin "adage" ba. Sai da masana suka ƙaga musu suna dabam daga sunan Sam Weller, wani bara mai barkwanci a littafin Charles Dickens, "The Pickwick Papers", wanda ya fito a 1836 zuwa 1837. Wanda ya tashi gaban baƙi ya ce ga wani "adage" na Hausawa, sa'an nan ya kawo musu matar falke da jakinta, zai ga suna jiran hikimar da ba za ta zo ba, su koma suna zaton hikimar Hausawa ke nan iyakarta.

Wannan na dariya ne. Ga wanda ba na dariya ba. Yawancin karin maganarmu ba a faɗinsa a sarari don a koyar da darasi, akan jefa shi ne a kan wani mutum, a wani lokaci, don wata bukata. Shi ya sa yake maƙwabtaka da habaici da zambo da gatse da baƙar magana. Mu ƙaddara ana shari'a a babbar kotu inda ake rubuta bayani da Ingilishi, wani ya ba da amanar kuɗi an cinye. Aka tambayi wani dattijo mai shaida abin da ya sani, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, in ɓera da sata, daddawa ma da wari." Duk Bahaushen da ke kotun ya ji shaida cikakkiya: wanda ake ƙara ya ci kuɗin, amma mai ƙarar ma da nasa laifin, shi ya yi sakaci ko ya sa kwaɗayi. Dattijon ya faɗi abin da kunya da zaman tare suka hana shi faɗi ƙarara. In tafinta ya juya ya ce mai shaida yana kawo wani tsohon "adage" ne game da ɓera, to, ya gaya wa alƙali cewa tsohon ya kauce wa tambaya ya shiga tatsuniya. Kalmar da kanta ta sanar cewa abin da ke tafe magana ce ta kowa da kowa, ba ta shafi wannan shari'a musamman ba. Shaida ta zube a ƙasa, ba wanda ya yi ƙarya. Aikin tafinta a nan shi ne ya juya maganar, ya kuma ce mai shaida yana nufin ɓangarorin biyu duka da laifi, in ya so alƙali ya tambayi dattijon ko haka ne.

Haka abin yake a wurin taron sulhu, da ganawar hakimai da jami'an gwamnati, da rahoton da ma'aikaci zai rubuta bayan ya dawo rangadi. In dagaci ya ce wa jami'i ruwa ba ya tsami banza, ba falsafa yake koya masa ba, yana gaya masa ne akwai hannun wani a rikicin, a bincika. In talakawa suka ce a bar kaza cikin gashinta, gargaɗi ne. Mai rubuta rahoto ya rubuta gargaɗi.

Ta ɗaya gefen kuma, akwai abin da ke samun ɗalibanmu in sun zo rubutu da Ingilishi. Yaro ya tashi a inda ake auna iya magana da iya karin magana. Ya karanta "Magana Jari Ce" na Abubakar Imam, wanda sunansa ma karin magana ne, labaransa da yawa kuma da karin magana aka yi musu kai. Ya ji labarin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ma sunanta a wannan ƙira yake. A wurinsa, buɗe magana da "Hausawa suka ce" neman izini ne daga magabata, kuma ladabi ne, don mutum bai ɗora ra'ayinsa a kan ƙarfin kansa kaɗai ba. Sai ya ɗauki wannan ɗabi'a mai kyau ya kai ta takardar neman aiki ko takardar bayani ga babban sakatare, ya buɗe da "as the adage goes". Mai karatun da aka yi wa tarbiyyar Chesterfield da Orwell, ko Bature ne ko ɗan ƙasa, abin da zai gani shi ne mutumin da ba shi da abin faɗi ya tsaya ado. Ba na cewa tasu hanyar ta fi tamu. A ganina ma sun yi asarar wani abu mai daraja ran da suka kori karin magana daga zauren manya, kuma marubutan Afirka irin su Chinua Achebe sun nuna Ingilishi yana iya ɗaukar karin maganarmu ya yi kyau, in hannun gwani ne. Amma ku duba yadda Achebe ya yi a "Things Fall Apart" na 1958: ya sa karin maganar Ibo a bakin dattawa, a cikin zance, a daidai inda ake ciniki ko neman aure ko jayayya, mai karatu yana ganin wanda aka jefa da wanda ya jefa. Takardar ofis ba ta da wannan fili. A can, in adadi ake bukata a ba da adadi, in shawara ce a faɗe ta a layin farko.

Saura tambaya ɗaya da na san ɗaliban sashen harsuna za su yi, watau in an ci karo da "adage" a rubutun Ingilishi, da me za a fassara ta? In maganar da ta biyo baya mai hoto ce, irin ta kyanwa da kifi, karin magana ya wadatar. In irin ta Parkinson ce, karin magana ya yi mata yawa, gara a ce "maganar nan da aka saba faɗi", ko "zancen masu iya magana". In kuwa marubucin ya kawo ta ne don ya musa ta, Hausa tana da 'yar kalma mai harufa uku da ta fi ta Ingilishin iya wannan aiki, ita ce "wai". Mai fassara ya rubuta, "an daɗe ana cewa wai kaza da kaza", mai karatu Bahaushe zai ji tun daga nan cewa marubucin bai sa hannu a kan maganar ba, ya gyara zama ya jira hujjar da za ta biyo.

Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika, na kuwa san akwai masu tambaya.